A rufe ƙofa ta 25, amma a bar mana 587

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wata matsala da ta kusa raba kawuna da babban abokin cinikinsa, wadda kuma na tabbata tana cin mutane da yawa ba su san sunanta ba. Ita ce matsalar imel ɗin da ke shigowa waya lafiya lau, amma in an rubuta amsa sai ta ƙi fita.

Ni akawu ne a ofishin kawuna da ke kasuwar Dawanau. Kwamfuta na karanta, amma da na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai Kawu ya ce in zo in riƙe masa littafi da takardu. Harkarsa zoɓo da riɗi. Yana tara kaya daga ƙauyukan Jigawa da bakin iyaka, a tsince, a ɗure a buhu, a loda kwantena zuwa Legas. Shekarun baya ya samu mai saye kai tsaye a ƙasar Meziko, inda suke shan zoɓo kamar mu, ko ma fiye. Tun lokacin muka buɗe imel mai ɗauke da sunan kamfanin, domin ɗan kasuwar waje ba ya sakin jiki da wanda ke turo masa takardar kuɗi daga adireshin kyauta. Wani matashi ne ya haɗa mana shafin intanet da akwatunan wasiƙun, ya saita su a kwamfutar ofis da wayar Kawu, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. A ofis komai na tafiya daidai, wayar Kawu ma a kan waifai ɗin ofis take wuni, don haka ban taɓa leƙa saitin ba. Wannan kam laifina ne, kuma na karɓa.

Wata ranar Alhamis Kawu ya tafi kasuwar Maigatari, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni a gida. Tsakaninmu da birnin Meziko awa bakwai ne, safiyarsu ita ce la'asar ɗinmu. Ana idar da la'asar saƙon mutumin ya shigo wayar Kawu, yana neman a tabbatar masa da farashi da nauyi a ranar, domin bankinsa ya saki kuɗin kafin alƙalami. Yaron da ke tare da Kawu ya karanta masa, suka rubuta amsa, suka liƙa hoton takardar, suka danna. Waya ta yi ta juyi. Wasiƙa ta zauna a akwatin masu jiran fita ta ƙi motsi. Ga data, ga sabis cike, WhatsApp na ta ƙara, har wani sabon imel ya sake shigowa suna tsaye. Kawu ya kira ni, ya ce, "Kai ɗan nan, wane irin abu kuka haɗa mini? Wasiƙa a shigo ba a fita, sai ka ce gidan yari?" Ni kuma, da ciwon kai da kunya, na ce, "Kawu, a kashe wayar a sake kunnawa." Ka ji fa, amsar da nake zagin masu kula da kwastoma a kanta, ita na bayar.

Da abin ya ƙi, yaron ya kawo dabara. Ya ɗauki takardar, da lambar asusun banki a jikinta, ya tura daga nasa adireshin na kyauta, mai ɗauke da laƙabin da abokansa ke kiransa da shi a filin ƙwallo. Nan take ta tafi. Sai mutumin Meziko ya yi tsit. Washegari ya bugo waya da kansa, da murya irin ta wanda ke tunanin an shiga akwatinmu, ya ce ba zai tura ko sisi ba sai an sake aiko masa da komai daga adireshin da ya sani, kuma sai ya ji lambar asusun daga bakin Kawu. Kawu ya ji haushi, amma ni ban ga laifin mutumin ba. Sananniyar damfara ce a duniya a kutsa cikin hirar 'yan kasuwa biyu, a jira lokacin biya, a turo sabuwar lambar asusu daga adireshi mai kama da na gaske. Mu kuma daga Najeriya muke rubutu, ƙasar da sashe na 419 na dokar laifuffukanta ya zama sunan damfara a bakin mutanen da ba su ma san inda Kano take ba. An gudu ba a tsira ba ke nan: wasiƙa ta fita, amana ta tsaya.

Da na samu sauƙi na karɓi wayar na buɗe saitin aika wasiƙa. Ga abin a fili. An sa mata ƙofa mai lamba 25, kuma wurin lulluɓe saƙo, wato ɓoye shi daga idon masu leƙe a hanya, an zaɓi babu. Na kashe waifai na gwada a kan data, ta ƙi. Na goge 25 na rubuta 587, na zaɓi lulluɓin da ake kira STARTTLS, na tabbatar akwai cikakken adireshin da kalmar sirri a wurin shaidar mai aikawa. Kafin in ajiye wayar, wasiƙu huɗu da suka kwana biyar a tsare sun fice. Gyaran bai kai minti biyu ba.

To, mene ne wannan ƙofa? Duk kwamfutar da ke karɓar aiki a intanet, wadda muke ce wa saba, tana da adireshi guda amma ƙofofi masu lamba sun haura dubu 65, kamar birni ɗaya mai ƙofofi da yawa, kowace da irin masu bi ta cikinta. Shafukan intanet da yawancin manhajojin waya ta ƙofa 443 suke bi. Wasiƙar da ke shigo maka tana biyo 993 ko 995. Shi ya sa shigowa ba ta tsaya wa Kawu ba, kuma shi ya sa mai amfani da manhajar Gmail da adireshin Gmail zai ce shi bai taɓa ganin wannan matsala ba, don manhajar tana magana da gidansu ta hanyar da shafuka ke bi. Masu shan wahalar su ne masu imel na kamfani, ko na makaranta, ko na ƙungiya, waɗanda aka saita musu da hannu.

Ƙofa ta 25 ita ce tsohuwar ƙofar wasiƙa. A watan Agustan 1982 wani masani ɗan Amurka, Jon Postel, ya fitar da ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP, a takarda mai lamba RFC 821. A lokacin masu intanet 'yan kaɗan ne, jami'o'i da cibiyoyin bincike, kusan kowa ya san kowa. Ƙa'idar ba ta tanadi tambayar wane ne kai ba. Ka zo ƙofar ka ce ga saƙo daga wane zuwa wane, a karɓa, in ba na gidan ba ne a miƙa gaba. Irin yadda a da za ka tsayar da duk wanda ya nufi garinku ka ba shi saƙo, bai tambaye ka katin shaida ba. Da intanet ta zama kasuwa a shekarun 1990, masu tallan banza da 'yan damfara suka gane cewa za su iya jibge dubban wasiƙu a ƙofar wani, shi ya yi musu dakon kyauta, sunansa kuma ya ɓaci. Sai masu saba suka daina miƙa saƙon baƙo. Manhajar Sendmail, wadda ita ce ke ɗauke da kaso mai tsoka na wasiƙun duniya a zamanin, daga fitowarta ta 1998 ta zo da wannan hanya a rufe.

'Yan banzan ba su haƙura ba. Daga wajen 2003 suka koma sakin ƙwayoyin cuta masu kama kwamfutocin gidaje, su mai da su bayi. Mai kwamfuta na barci, kwamfutarsa na ƙwanƙwasa ƙofa ta 25 ta sabobin duniya tana zuba shara. A nan ne kamfanonin da ke ba da layin intanet suka fara toshe wannan ƙofa ga layukan gida da na waya. Kamfanonin Jafan sun yi haka a jere wajen 2005 da 2006, na Amurka da Turai da dama ma sun bi. Yau hatta wanda ya yi hayar saba a wurin Google zai tarar da ƙofa ta 25 a rufe ta wajen fita, a wurin Amazon kuma sai ya rubuta ya roƙa kafin a sake masa ita.

Edita, zan faɗi abin da wasu abokan sana'ata ba sa son ji: toshewar nan daidai ce. Duk da abin da ta jawo mana, ba na neman a buɗe. Dalili kuwa, lambobin adireshin intanet na tsohon tsari ba su wuce biliyan 4.3 ba a duk duniya, sun kuma yi kaɗan, don haka kamfanonin waya suna tara masu layi da yawa a bayan lamba guda. Idan kwamfutar wani ɗalibi mai ɗauke da cuta, wadda ya jona da datar wayarsa, ta kwana tana aman wasiƙun banza, ba sunansa ne zai shiga jerin masu laifi ba, wannan lambar ce da muke tarayya a kanta. Akwai ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa tun 1998, da ba su da aiki sai tattara irin waɗannan lambobi, kuma sabobi da yawa a duniya suna duba jerinsu kafin su buɗe wa kowa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mu da muke fama da baƙin jini tun ba mu yi komai ba, mu ne ya kamata mu fi kowa son a ɗaure wannan ƙofa.

Amma fa tun farko an san matafiyi zai sha wahala. Da sabobi suka daina yi wa baƙo dako, hanyar da suke gane ɗan gida ita ce lambar layin da ya fito. Kana ofis, kai ɗan gida ne. Ka fita da kwamfutarka zuwa wani gari, ka zama baƙo a gidanku. Mutane suka shiga dabaru. Wasu duk masaukin da suka sauka sai su canza sunan sabar aikawa zuwa ta kamfanin layin wurin. Wasu sabobin kuma suka ce in ka fara duba akwatinka da kalmar sirri, za a bar lambarka ta aika wasiƙa na wasu 'yan mintoci. Wannan ta biyun ka auna ta da halin da muke ciki yanzu, inda jama'a da yawa ke bayan lamba ɗaya: mutum ɗaya ya buɗe, unguwa guda ta shige.

Maganin gaskiya ya zo a watan Disambar 1998, lokacin da Randall Gellens da John Klensin suka fitar da takarda mai lamba RFC 2476. Abin da suka ce mai sauƙi ne: a raba aikin gida biyu. Ƙofa ta 25 ta zama ta sabobi tsakaninsu, kamar ƙofar baya ta gidan waya inda motocin buhunan wasiƙa ke saukewa. Mutum kuma da ya rubuta tasa wasiƙar ya kai ta kantar karɓar wasiƙa, wato ƙofa ta 587, a sabar gidansu. Bayan wata uku, a Maris 1999, aka fitar da ƙa'idar da ta ba saba damar tambayar suna da kalmar sirri kafin ta karɓa. Daga nan inda kake ya daina zama abin dubawa. Kana Maigatari, kana Maraɗi, kana filin jirgin Jidda, sabar gidanku ta san ka da shaidarka, ita ce kuma za ta ɗauki wasiƙar ta kai ta ƙofa ta 25 da sunanta. Duk ɗan kasuwar da ya san aikin fatoma ya gane wannan. Baƙon falke ba ya shiga gari ya ce a ba shi kaya bashi da bakinsa. Yana sauka a wurin wanda ya san shi, shi ya tsaya masa, in kuma ya yi ba daidai ba an san ƙofar da za a je.

Akwai ƙofa ta biyu, 465, mai ɗan tarihin ban dariya. An ware ta don wasiƙa mai lulluɓi a 1997, aka janye a shekarar da ta biyo, amma jama'a suka ƙi dainawa, manyan kamfanoni suka ci gaba da buɗe ta, har a watan Janairun 2018 aka sallama aka mai da ita halattacciya a takarda mai lamba RFC 8314. Bambancinsu kaɗan ne. A 587 ana fara gaisawa a fili sannan a ja labule, abin da ake kira STARTTLS ke nan. A 465 labulen a jaye yake tun daga sallama, a waya kuma za ka ga an rubuta SSL ko TLS. Duk wadda ta yi maka, bi. Abin da ba a so shi ne gauraya su, a sa lambar wannan da lulluɓin waccan, don waya za ta yi ta juyi kamar an toshe alhali ba a toshe ba.

To idan maganin ya haura shekara 25 da samuwa, me ya sa har yau yake cin mu? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na fara da 'yan uwana masu haɗa wa mutane shafi da imel. Da yawanmu muna saita abu a kan layin ofis, in ya tafi sau ɗaya mu ce an gama. Layukan ofisoshi sau da yawa ana bar musu ƙofa ta 25 a buɗe, don haka kuskuren ba ya nuna kansa sai ranar da maigida ya yi tafiya. Mafi muni shi ne cire lulluɓin. Matashin da ya yi mana aiki, na gane daga baya, wayar ta nuna masa gargaɗi cewa takardar shaidar sabar ba ta dace da sunan da ya rubuta ba, maimakon ya nemi sunan da ya dace a wurin masu ba da hayar sabar, sai ya kashe lulluɓin gaba ɗaya don gargaɗin ya ɓace. Ma'anar wannan ita ce kalmar sirrin Kawu ta yi shekaru tana yawo tsirara a duk layin da ta bi. Ranar da na gano haka, kafin in sha ruwa na canza ta.

Sai kamfanonin layi. Ba na ƙorafi a kan toshewar, a kan shirun nake yi. Na kira masu kula da kwastoma na kamfanin da Kawu ke amfani da layinsa, don dai in ji daga bakinsu. Budurwar da ta ɗauka mai ladabi ce, amma ta ce in cire sim in goge in mayar. Na ce ƙofa ta 25 nake tambaya, ta ce za ta turo mini saitin intanet. Ba laifinta ba ne, ba a koya mata ba. Kuma yadda ake toshewar ma yana ƙara ruɗani: ba a ce wa waya an hana, shiru kawai ake yi mata, ta yi ta jira har ta gaji, mai ita ya ɗauka sabis ne babu. Kamfanonin nan kullum suna turo mana saƙon tallar waƙa da garaɓasar data, cikin Hausa ma wani lokaci. Layi biyu a shafinsu da a littafin masu amsa kira, cewa mun rufe 25, ku yi amfani da 587 ko 465, nawa zai ci musu? Ina roƙon Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa wannan cikin abin da take bukatar kowane kamfani ya bayyana wa mai saye, kamar yadda ake bayyana farashi.

Waɗanda suka fi ba ni takaici su ne masu waifai na otal da wuraren taro. Bayan abin da ya faru na bi kwantena zuwa Legas, na sauka a wani masauki kusa da tashar jiragen ruwa. Waifai ɗinsu mai ƙarfi, har kallon ƙwallo ake yi da shi. Na zo tura takardun lodi, 587 a rufe, 465 a rufe. Wanda ya saita musu na'urar ya bar ƙofar shafuka kawai ya garƙame sauran, wai tsaro. Wannan ba tsaro ba ne, rufe masallaci ne don an saci takalmi. Ƙofar da ke tambayar suna da kalmar sirri ba ta ɓarayi ba ce. Tun a watan Nuwamban 2007 masana suka rubuta a takarda mai lamba RFC 5068 cewa bai halatta mai ba da layi ya hana mutanensa isa ƙofa ta 587 ba, kuma cikin marubutanta har da Eric Allman, mutumin da ya ƙirƙiri Sendmail. A daren na koma kan datar wayata na tura. Da ita ma ta ƙi, da sai in buɗe akwatin ta shafin intanet, hanyar da ya kamata kowane mai imel na kamfani ya san adireshinta ya ajiye. Wasu masu ba da hayar saba suna buɗe 2525 don irin wannan rana, kodayake ba ƙofa ce da aka ware a hukumance ba.

Akwai ma masaukan da ke yin abin da ya fi toshewa haɗari. In na'urarka ta nufi ƙofa ta 25, sai su karkatar da ita zuwa tasu sabar a ɓoye, ta karɓi wasiƙar ta ce an aika. Kai ka kwanta da murna. Amma duniyar wasiƙa ta canza. Yanzu kowane kamfani yana iya wallafa sunayen sabobin da ya yarda su aika da sunansa, wannan shi ne SPF. Sabarsa tana buga wa kowace wasiƙa hatimin da ba a iya kwaikwaya, wannan DKIM. Yana kuma iya faɗa wa duniya abin da za a yi da wasiƙar da ta zo da sunansa ba ta cika waɗannan ba, a jefa ta kwandon shara ko a ƙi ta, wannan DMARC. Wasiƙar da ta fita ta sabar otal ba ta cikin jerin, ba ta da hatimi. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: kowane mai aikawa sai ya zo da aƙalla ɗaya daga cikin biyun farko, mai tura wasiƙa dubu 5 a rana zuwa Gmail kuma sai ya cika duka ukun. Ka ga ke nan bi ta sabar gidanku ba zaɓi ba ne kuma. Wasiƙar da ta ƙi fita ka san ba ta fita ba. Wadda ta fita ta kwana a kwandon sharar mai saye, sai ka yi mako kana jiran amsa kana cewa ya raina ka.

Ga mai karatun da ke cikin wannan hali yanzu, wayar da kanta tana faɗa maka inda ciwon yake in ka saurara. In tana karɓa ba ta aikawa, ta daɗe tana juyi sannan ta ce ba ta samu saba ba, sauya layi, daga waifai zuwa data ko akasin haka. In ta tafi a ɗaya ta ƙi a ɗaya, ƙofa ce, duba lambar. In ka ga lamba 535 a cikin saƙon kuskuren, ka isa gida amma ba a yarda da shaidarka ba, wataƙila kalmar sirri ce, ko an rubuta rabin adireshin a wurin suna. In 550 ce da maganar an ƙi miƙa saƙo gaba, galibi ba a kunna shaidar mai aikawa ba, domin wasu manhajojin suna ɗaukar kalmar sirri ta karɓa daban, ta aikawa daban, su bar ta biyun fayau. In kuma gargaɗin takardar shaida ne, don Allah kada a danna a ci gaba, a kira mai sabar.

Na'urorin ofis ma abin ya shafe su, injin ɗaukar hoton takarda mai turawa ta imel, da na'urar kyamarorin tsaro mai aiko da sanarwa. Tamu ta daina turawa ba wanda ya lura sai da aka nemi wata takarda. Waɗanda suka jona irin waɗannan da Gmail su sani cewa tun ƙarshen watan Mayun 2022 kalmar sirrin yau da kullum ta daina shiga ta nan. Sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a ciro wata kalma ta musamman mai harafi 16 a ba na'urar.

Wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa kanmu: ƙofar da ke buɗewa da kalmar sirri, ƙarfinta ƙarfin kalmar ne. Na sha ganin manyan 'yan kasuwa a Dawanau da kalmar sirrinsu ita ce lambar wayarsu, wadda ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin allon shagonsu. Wasu kuma yaron shago ya sani, mai gyaran waya ya sani, tsohon akawun da aka rabu da shi ba daɗi ma ya sani. Ranar da ɓarawo ya samu wannan kalma, ba zai bi ta ƙofar da aka toshe ba. Zai shigo ta 587 kamar ɗan gida, sabarka ta buga masa hatiminka, ya rubuta wa mai sayenka da sunanka na gaske cewa asusun banki ya canza.

Kuɗin Meziko sun shigo bayan kwana tara. A cikin kwanakin farashin buhun zoɓo ya motsa, abin da Kawu ya ƙiyasta zai ci ya ragu, kuma har yau in ya tuna sai ya harare ni. Na rubuta masa saitin a 'yar takarda, sunan saba, lamba 587, da 465 a ƙasa ko da ta ɓaci, ban da kalmar sirri. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba tare da katin zaɓensa, yana ce mata laya. Alhamis ɗin da ta wuce ya kira ni daga Maigatari, ina jin kukan shanu a bayansa, ya ce, "Ɗan nan, ta fita." Kafin in ce alhamdu lillahi ya ƙara da cewa akwai abokansa biyu a nan tsaye da wayoyinsu, su ma tasu ta ƙi, in shigo mota in zo.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani akawu a kasuwar Dawanau, Kano.